Sukudireban Baba

Shagona yana Ƙofar Ƙaura,
tsakanin mai faci da mai sayar da kati.
Taku uku ne faɗinsa, na huɗu kana titi.
Nan Baba Rabe ya shekara talatin yana gyaran agogo,
ido ɗaya a rufe, ɗaya cikin gilashi,
kunne a kan ƙarfe kamar mai satar jin gulma.

Da ya tafi bai bar gona ba.
Benci ya bari, da gwangwanin madara cike da ƙusoshi,
da sukudireba mai jan kai
wanda yatsunsa suka cinye wa fenti.
Da shi nake buɗe cikin kwamfuta yau.

Masu zuwa duk bakinsu ɗaya:
"Jiya lafiya ƙalau na kashe ta."
Kowa jiya lafiya ƙalau!
In na buɗe, ga shayin da ya bushe,
ga ɓawon gyaɗa, ga kiyashi sun kafa gari,
sau ɗaya ma har kyankyaso da iyalinsa.
Ɗan jami'a ya riƙe kai, babi biyar sun tafi,
na ce, ina kwafin?
Ya ce, ai gobe zai yi.

Wuta kuwa baƙuwa ce mai sauri,
ta yi sallama, kafin ka shimfiɗa tabarma ta juya.

Ranar wata Laraba, bayan la'asar,
Inna Barira ta shigo daga Rafin Daɗi
da kwamfuta naɗe cikin ɗankwali,
ta ajiye ta a hankali kamar jinjiri mai barci.
Ta Malam Abashe ce, malamin lissafi,
wanda aka kai makwanci kafin azumi.
"Yara sun ce muryarshi na ciki.
Ni ban san ta inda ake shiga ba."

Na kwance ƙusa goma sha ɗaya.
Ciki ya ƙone, warin har maƙogwaro.
Na zaro rumbun, na ba shi wuta, na kai kunne,
sai ga shi yana ƙyas, ƙyas, ƙyas,
irin bugun da Baba ke cewa
mai shi bai mutu ba, gajiya ce.

Nan take aka ɗauke.
Tasi'u mai faci ya tada janareto,
ya ce lita ɗaya, kada in wuce.
Magariba ta yi, isha ta bi ta,
Inna na bakin benci tana jan carbi,
koren layi na rarrafe a fuskar gilashi
kamar hawainiya mai ciwon ƙafa.

Ba wasiyya muka samu ba.
Ba lissafin bashi, ba ban kwana.
Darasi ne yake gwadawa shi kaɗai:
"Biyu bisa uku, in ka tara da ɗaya bisa shida..."
Sai tari. Sai ƙarar kujera.
Sai ya ɗaga murya:
"Barira, ruwan nan fa ya tafasa."

Ta yi dariya har carbin ya faɗi.
"Kullum sai ya faɗi, sai ka ce ban da ido."
Sannan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.
Ni da Tasi'u muka tsaya kallon janareto
kamar yau muka fara ganinsa.

Na zuba mata a waya. Ta ce in ƙara, na ƙara.
Kuɗin mai kawai na karɓa.
Washegari jikanta ya kawo ƙuli-ƙuli cikin leda.

Ni ba ni da muryar Baba ko ta minti ɗaya.
Sai wani agogo a aljihun tebur,
mai shi bai dawo ba tun ina firamare.
Kowane dare kafin in ja ƙofa
nakan ba shi wani, juyi bakwai, yadda na ga ana yi.
Yana makara da minti huɗu.
Na iya gyarawa.
Ban gyara ba.